Sunan Barira: mene ne ma'anarsa, daga ina ya fito, kuma me ya sa ya yi ƙaranci?

Dan_Funtuwa_Agege
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya a daren Talata, an samu 'ya mace, kuma suna zai kama Talata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Niyyata ita ce in yi wa yayar mahaifiyata takwara, domin ita ta riƙe ni a Funtuwa tun daga yaye har na yi wayo na taho Legas neman abinci, kuma sunanta Barira. Har yanzu ban yi wa yarinyar huɗuba da suna ba saboda maganganu sun yi mini yawa. Maiɗakina ta duba a intanet ta ga an rubuta cewa ma'anarsa "mai biyayya" ko "mai kyautatawa". Wani abokina da muke rumfa ɗaya ya ce ya taɓa jin wa'azi cewa Annabi (SAW) ya canza wa wata mata irin wannan suna, don haka bai kamata a sa shi ba. Surukata kuwa ta ce sunan tsofaffi ne, kuma a Legas ba za a iya kiransa daidai ba. Ina roƙon masu ilimi a cikinmu su faɗa mini ainihin ma'anar sunan da asalinsa, su kuma gaya mini abin da ya sa yanzu da wuya ka ji an kira ƙaramar yarinya da shi.

Hajiya_Obalende
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta a kan tafarkin Musulunci, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Ni dai abin da na taso na sani a Zariya shi ne sunan yana da alaƙa da kalmarmu ta "bari". Matar da take wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa tun suna ƙanana, idan ta sake haihuwa sai a laƙaba wa yaron Abarshi, mace kuma Abarta, ko Ajuji, ko Ayashe. A unguwarmu akwai wata Barira da aka haifa bayan uwarta ta binne 'ya'ya da dama, kuma kowa ya ɗauka saboda haka aka sa mata sunan. Ko Yarabawan da muke zaune da su suna da irin wannan al'ada, su ne masu Malomo da Kokumo da Durojaiye.

Malam_Zango
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Sunayen da kika lissafa Hausa ne tsantsa, kuma laƙabi ne da ake ɗora wa yaro bayan an raɗa masa sunan yanka. Barira kuwa sunan yanka ne, Larabci ne, kuma sunan sahabiya ce sananniya, baiwar da Nana A'isha (RA) ta saya ta 'yanta a Madina. Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa a wajen maganar 'yanta bayi da kuma wajen maganar saki, haka ma Bukhari da Muslim sun kawo shi a wurare da yawa. Duk almajirin da ya yi karatun zaure har ya kai ga Muwaɗɗa ya ci karo da ita, kuma a ganina ta wannan hanya ce sunan ya shiga gidajen malamai a ƙasar Hausa, daga nan ya bazu zuwa sauran gidaje.

Game da ma'ana, maganar malamai biyu ce. Ta farko, an ciro shi daga "barir", wato 'ya'yan itacen arak, itacen nan da ake yin asuwaki da saiwarsa da rassansa, irin wanda alhazai suke kawo mana tsaraba daga Makka. Ƙwara ɗaya daga cikin 'ya'yan ita ce barira. Ƙanana ne ƙwarai, suna yin ja sannan su yi baƙi idan sun nuna sosai, kuma ana cin su. A Bukhari akwai hadisin Jabir cewa suna tare da Annabi (SAW) suna tsinkar nunannun 'ya'yan wannan itace, sai ya ce musu su zaɓi baƙaƙen domin sun fi daɗi, har suka tambaye shi ko ya taɓa yin kiwon tumaki. Magana ta biyu ita ce an ciro shi daga "birru", wato kyautatawa da biyayya, kuma ita ce maiɗakinka ta gani a intanet.

Hajiya_Obalende
Malam, na ji bayaninka, Allah ya saka da alheri. Amma ina nan a kan cewa mutanen unguwarmu da wancan nufin suka sa shi. Tsohuwar da ta zaɓi sunan ba ta san wani arak ba, kunnenta ya ji "bari" ne a ciki, ta ga kuma liman bai hana ba.

Dalibi_Yaba
Ina so in taɓo maganar abokin Dan_Funtuwa, domin ba daga iska ya ɗauko ta ba, sunaye biyu ne suka rikice masa. Sunan da Annabi (SAW) ya canza shi ne Barra. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Uwar Muminai Juwairiyya sunanta na farko Barra, sai ya mayar da shi Juwairiyya, domin ba ya son a riƙa cewa ya fita daga wurin Barra. Haka kuma Zainab 'yar Abu Salama ta ba da labari cewa ita ma Barra aka sa mata, sai ya ce kada ku tsarkake kanku, Allah ne mafi sanin masu biyayya a cikinku, ya ce a kira ta Zainab. To, tambayata ga Malam_Zango ita ce, idan muka ɗauki magana ta biyu, cewa daga "birru" aka ciro Barira, ashe illar da ke cikin Barra ba ta shafe shi ba ke nan?

Malam_Zango
Tambayarka ta yi kyau, ɗan'uwa, kuma malamai sun riga mu amsa ta. Ibn Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, ya kawo maganganun biyu a Fathul Bari, ya jingina ta biyun ga Alƙurɗubi, sannan ya rinjayar da ta farko da wannan hujjar da ka kawo ɗin nan. Ya ce tunda Annabi (SAW) ya canza sunan Barra saboda yabon kai da ke cikinsa, da a ce Barira ma daga kyautatawa aka ciro shi, da shi ma ya canza. Ga ta kuwa tana hidima a ɗakin A'isha, yana ganinta safe da yamma, yana kiranta da wannan suna, bai taɓa shi ba. Saboda haka ko wace magana mutum ya bi, hukuncin sa sunan ɗaya ne: halal ne, babu ko karhanci a ciki. Dan_Funtuwa, ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangare, ka kuma isar wa abokinka da bayanin cikin lalama.

Maman_Ilham
Ku gafarce ni, malamai, amma ni wannan bayani ya ƙara sanyaya mini gwiwa game da sunan. Da aka ce "mai biyayya" na ji daɗinsa, yanzu kuma an ce 'ya'yan itacen asuwaki ne. Idan yarinya ta girma ƙawayenta suka tambaye ta ma'anar sunanta, wannan ta ce nata "fata nagari", waccan ta ce nata "tausayi", ita kuma me za ta ce? Mu iyaye mata muna duba wannan sosai, domin mu ne yaran suke zuwa su yi wa ƙorafi.

Bakano_Mile12
Maman_Ilham, idan da ma'anar ƙamus ake bi, da manyan sunayen da muke alfahari da su ba su kai labari ba. Khadija a asalin lugga ita ce wadda aka haifa kafin watanninta su cika, wato bakwaini a wurinmu. Fatima daga yaye aka ciro shi. Ɗalha sunan wata bishiya ce mai ƙaya, Hanzala kuwa wata guna ce mai ɗaci da ba a iya ci. Ba wanda ya taɓa ƙin sa wa 'yarsa Khadija saboda haka, domin abin da ake nufi shi ne matar da ta ɗauki sunan ta ɗaukaka shi. Ni ina sayar da kayan gwari ne, ba malami ba ne, amma a ganina tambayar da ta fi dacewa ita ce wace ce Barirar, me ta yi. Idan akwai wanda ya san labarinta da kyau ya ba mu.

Malama_IdiAraba
Zan ba da shi gwargwadon yadda muke karantar da shi a islamiyyar matan aure. Barira baiwa ce ga wasu mutane a Madina, ta yi yarjejeniya da su cewa za ta fanshi kanta a kan uƙiya 9, tana biyan uƙiya ɗaya kowace shekara. Uƙiya ɗaya dirhami 40 ce, ka ga dirhami 360 ke nan, kuma shekara 9 tana jiran 'yanci. Sai ta zo wurin Nana A'isha neman taimako. A'isha ta ce idan iyayengijinta sun yarda za ta biya kuɗin gaba ɗaya ta 'yanta ta, amma wala'i ya zama nata, wato dangantakar da ke tsakanin wanda aka 'yanta da wanda ya 'yanta shi, wadda har gado take jawowa idan babu magada. Mutanen suka ce sun yarda su sayar, amma wala'i ya zauna a wurinsu. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW) sai ya hau mimbari ya ce duk sharaɗin da ba ya cikin littafin Allah ɓatacce ne ko da sharaɗi ɗari ne, kuma wala'i na wanda ya 'yanta ne.

Bayan ta samu 'yanci sai aka ba ta zaɓi a kan aurenta, domin mijinta Mugis bawa ne, kuma an aurar da ita ne lokacin da ba ta da iko da kanta. Ta zaɓi rabuwa. Ibn Abbas ya ce kamar yana ganin Mugis yana bin ta a baya a titunan Madina yana kuka, hawaye yana zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya ce wa baffansa Abbas, ba ka mamakin son da Mugis yake yi wa Barira da ƙin da Barira take yi wa Mugis? Sannan ya ce mata da ma ta koma masa. Sai ta tambaya, ya Manzon Allah, umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto kawai nake yi. Ta ce to ba ni da buƙatarsa. Kuma bai yi fushi da ita ba, bai tilasta ta ba.

Na uku, wata rana ya shigo gida tukunya tana tafasa da nama, sai aka kawo masa gurasa da abin haɗi na gida. Ya ce ba tukunyar nama na gani ba? Aka ce nama ne da aka yi wa Barira sadaka, kai kuma ba ka cin sadaka. Ya ce a wurinta sadaka ne, daga gare ta zuwa gare mu kuma kyauta ne. Nana A'isha da kanta ta ce hukunci uku aka samu ta dalilin Barira, su ne waɗannan. Maman_Ilham, yarinyar da take da wannan labari a bakinta ba za ta rasa abin faɗa wa ƙawayenta ba.

Direban_Apapa
Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma ni wurin nan na tsakiya ne ya tsaya mini a rai. Hausawa suna cewa suna linzami ne. Mace ce da mijinta yake bin ta yana kuka, shugaban halitta ya sa baki, ta ce ba ta so. A wannan zamani da aure yake mutuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ni ba zan so in ɗora wa 'yata sunan da labarinsa ya shahara da rabuwar aure ba. Sannan, a yi mini afuwa, sunan baiwa ne. Ga sunayen matan Annabi da 'ya'yansa, me zai kai mutum can?

Bazazzagiya_Festac
Direban_Apapa, maganarka ta biyu ba ta da wurin zama ko kaɗan. Bilal bawa ne, kuma kowace unguwa akwai Bilal ba wanda ya ce uffan. Sumayya baiwa ce, ita ce ta fara yin shahada a Musulunci, kuma yau sunanta ya cika makarantun Legas da na Arewa. Zaidu ɗan Harisa 'yantacce ne, shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani. Ummu Aiman, wadda ta raini Annabi (SAW), sunanta Baraka, ita ma 'yantacciya ce. Ashe bauta ba ta hana mu waɗannan ba sai a kan Barira?

Maganarka ta farko kuma, ka sake duba abin da ta yi. Ba ta ce ba ta so ba sai da ta fara tambaya ko umarni ne, wanda yake nuna da an ce mata umarni ne da ta bi ko ranta ba ya so. Mace ce da ta san bambancin abin da addini ya wajabta mata da abin da ya bar mata zaɓi. Ni kam irin wannan linzami nake so ya ja 'yata.

Direban_Apapa
Yaya, a kan bauta kin kawo hujja, ba zan ja ba. Amma a kan tasirin suna ina da abin riƙewa. Sa'idu ɗan Musayyib ya ba da labari cewa Annabi (SAW) ya so ya canza wa kakansa suna daga Haznu, wato mai tsauri, zuwa Sahlu, mai sauƙi, ya ƙi, kuma Sa'idu ya ce tsaurin bai gushe a cikin zuriyarsu ba. Wannan a Bukhari yake.

Malam_Zango
Hadisin ya inganta, amma ba ya taimakon maganarka. Abin da aka so canzawa a can shi ne suna mai mummunar ma'ana a lafazinsa. Barira ba shi da mummunar ma'ana a kan kowace magana daga cikin biyun. Ɗaukar abin da ya faru a rayuwar mai suna a ce zai bi takwararta, wannan ya fi kusa da camfi. Da haka ne da ba a sa Zainab ba, tunda Zainab 'yar Jahshi ma aurenta da Zaidu ya mutu kafin Annabi (SAW) ya aure ta.

Maman_Biyu_Ketu
Ni maganar surukarsa nake so a duba, domin tana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma malamai sun tsallake ta. Ƙanwar mijina sunan 'yarta Barira, a nan Legas aka haife ta. Da aka kai ta makarantar boko, malamar ajin ta saurari sunan ta rubuta Barbara a rajista, kuma haka ya fito a katin sakamako har zango ya ƙare kafin uban ya lura. A asibiti kuma an taɓa rubuta mata Barakat. Maƙwabtansu Yarabawa Musulmi ba su sha wahala da shi ba, Bariratu suke ce mata kamar yadda suke cewa Sikiratu da Basiratu, amma su ma idan za su rubuta sai su yanke wasalin ƙarshe su sa Barirat. Yanzu yarinya ɗaya tana da rubutu kala-kala a takardunta. Shawarata ga Dan_Funtuwa, idan ka sa sunan, ka zaɓi rubutu ɗaya, ka rubuta shi da hannunka a takarda ka miƙa wa mai cike takardar haihuwa, kada ka tsaya kana faɗa da baki. Abin da aka rubuta a takardar haihuwa shi za a bi a katin ɗan ƙasa da jarrabawa da fasfo, kuma gyaran harafi ɗaya daga baya sai an haɗa da takardar rantsuwa ta kotu.

Dalibi_Yaba
Wannan shawara ta Maman_Biyu tana da muhimmanci. A intanet za ka ga Bareera da Barirah da Bareerah, duk suna ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta gwargwadon ƙasar mai rubutawa. A ƙa'idar rubutun Hausa Barira ya wadatar, wanda yake so kuma ya ce Bariratu kamar Hafsatu da Aminatu. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne lafazi. Na ji wasu suna cewa Buraira, wataƙila saboda kunnensu ya saba da Abu Huraira. Da fataha ake karanta harafin farko, Ba-ri-ra, a ja wasalin tsakiya. Buraida kuma daban ne, sunan sahabi ne namiji, kuma sunan wani gari ne a yankin Ƙasim na Saudiyya.

Alhaji_AlabaRago
An yi ta magana a kan ma'ana, ba a amsa masa tambayarsa ta ƙarshe ba. Ni shekaruna sun ja, kuma sana'ata ta sa ina jin sunayen jarirai da yawa, domin mai sayen ragon suna yakan faɗa maka abin da za a raɗa tun kuna ciniki. A da, mutum yakan sa sunan uwarsa ko gwaggonsa ko matar malaminsa, don haka suna ba ya ɓacewa daga gida, yana zagayawa ne daga kaka zuwa jika. Yanzu mai jego ce take zaɓa daga wayarta tun ciki yana wata biyar, kuma abin da ake nema shi ne gajeren suna wanda ba a taɓa ji ba a dangi: Afnan, Hanan, Amal, Nihal, Minal. Ba Barira kaɗai abin ya shafa ba. Ina Lubabatu, ina Atika, ina Sa'adatu da Ramlatu da Sauda? Duk sun zama sunayen kakanni. Sumayya da Nusaiba da Rumaisa sun tsira ne saboda 'yan islamiyya sun ɗauke su a matsayin sababbi, alhali su ma tsofaffin sahabbai ne.

Malama_IdiAraba
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma akwai wani dalili da yake sa sunan ya zama kamar ya fi ƙaranci fiye da yadda yake, shi ne alkunya. Yawancin yaran da aka sa wa Barira a yau takwarar kaka ko gwaggo aka yi musu, kamar dai yadda Dan_Funtuwa yake shirin yi, kuma ba mai iya kiran sunan surukarsa ko uwarsa gatsal a tsakar gida. Sai a koma Ummi, ko Mama, ko Walida, ko Hajiya ƙarama. Na sha ganin yarinyar da kowa ya sani da Ummi, sai ranar da za a rubuta allon sauka sannan a ji ashe Barira ce. Manyan sunaye suna da laƙabin da yake nuna su: ka ji Indo ka san A'isha ce, Binta Fatima ce, Dije Khadija ce, Kulu ko Jidda Hauwa ce, Mairo Maryam ce. Barira ba ta da irin wannan, don haka da zarar an ɓoye ta, ta ɓoyu ke nan.

Maman_Ilham
To ashe ko an sa sunan ba a kiran yarinyar da shi za a yi ba. Idan haka ne, ni ban ga abin jayayya da suruka ba. A raɗa Barira don a faranta wa mai suna, uwar kuma ta zaɓi laƙabin da take so.

Bazazzagiya_Festac
Nan ne ni kuma ban yarda ba. Idan kullum haka za a yi, sunan zai zauna a takarda ne kawai, yarinyar ma ba za ta ji shi nata ne ba. Yayar mahaifiyarsa tana Funtuwa, su suna Agege, ba gida ɗaya suke ba balle a ce za a kira sunan a gabanta. A makaranta dai dole da sunan yanka za a kira ta.

Dalibi_Yaba
Akwai wani wuri kuma da sunanta ya fito wanda Malama ba ta kawo ba, kuma masu sauraron tafsirin azumi sun san shi idan an zo Suratun Nur. Lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha ƙazafi, Annabi (SAW) ya kira Barira ya tambaye ta ko ta taɓa ganin wani abin zargi. Ta rantse cewa ba ta taɓa ganin abin da za ta aibata ta da shi ba, in ban da cewa yarinya ce ƙarama da barci yake ɗauke ta ta bar kwaɓaɓɓen gari, dabbar gida ta zo ta cinye. A lokacin da manyan mutane suka ruɗe, ita ta tsaya ta faɗi abin da ta sani ba ƙari ba ragi.

Malam_Zango
Haka yake a Bukhari. Sai dai don amanar ilimi, wasu malamai, ciki har da Ibnul Ƙayyim, sun yi tambaya a kan ambaton sunanta a wannan ƙissa. Dalilinsu shi ne ƙazafin ya faru ne a shekara ta 5 ko ta 6 bayan hijira, alhali labarin Mugis ya nuna Abbas yana Madina, shi kuwa bai zauna a can ba sai bayan buɗe Makka a shekara ta 8. Waɗanda suka ba su amsa sun ce babu cin karo, domin tana iya yiwuwa tana yi wa A'isha hidima tun tana hannun iyayengijinta, kafin a saye ta. Ni wannan amsa ta gamsar da ni.

Dan_Funtuwa_Agege
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina bayanin Malama tun daga farko har ƙarshe, kuma wurin da Barira ta tambaya ko umarni ne ya burge ta, har ta sa na maimaita. Abokina ya ce zai koma ya tambayi malamin da ya ji wa'azin daga gare shi. Surukata dai har yanzu tana kan bakanta, ta ce ita Amal za ta riƙa kiran jikarta ko me aka raɗa. Abin da ya rage mini shi ne in yanke tsakanin Barira da Bariratu a takardar haihuwa, domin ita mai sunan da Bariratu aka san ta a wurin tsofaffin gidanmu.

Maman_Biyu_Ketu
Ka sa Barira. Idan ka rubuta Bariratu, wani magatakarda zai yanke maka wasalin ƙarshe yana ganin gyara ya yi maka.

Alhaji_AlabaRago
Ni kuma da Bariratu zan sa, tunda takwara kake yi, kuma haka aka san mai sunan. Magatakarda ba shi ne zai zaɓa wa mutum yadda zai kira gwaggonsa ba. Ka tsaya a kansa har ya rubuta daidai, ka karanta da idonka kafin a buga hatimi.

Hajiya_Obalende
Kafin ku gama da maganar takarda, ka buga waya Funtuwa ka tambayi mai sunan ko ita ta fari ce a ɗakinsu ko kuwa an rasa wasu kafin ita. Ina so in ji amsar.